DARASIN TSAKAR GIDA: Yadda Ake Fara Koya Wa Ƙaramin Yaro Karatu

Darasinmu na wannan fitowa na tsakar gida ne, kuma ba da iyaye kaɗai nake ba, har da ku 'yan aji huɗu zuwa shida masu ƙanne a gida, domin a gidaje da yawa Yaya ce malamar farko. Kamar yadda aka saba, an rubuta shi da ajami a ɗaya gefen mujallar saboda iyayenmu da kakanninmu da ba su yi boko ba.

Abin da ya jawo darasin shi ne, a farkon zangon nan wata uwa daga Kakuri ta kawo mini ɗanta mai shekara huɗu da 'yan watanni, tana ta murna. Ta ce, "Malama, ai ya iya ABCD har ƙarshe, kuma ya iya alifun ba'un har ya'un." Na ce masha Allah, bari mu ji. Yaro ya gyara tsayuwa ya rero su tsaf, bai tsallake ko ɗaya ba. Sai na ɗauki alli na rubuta masa haruffa biyu a allo, b da a, na ce karanta. Ya ce, "Bi, e." Na ce to haɗa su mana, me suka ce? Ya yi shiru yana kallon uwarsa. Na nuna masa harafin m shi kaɗai, sai ya koma farko yana rerawa yana ƙirga da yatsa don ya iso inda yake. Nan take fuskar uwar ta sauya, har ta ɗaga hannu. Na riƙe hannun na ce, "Haba Maman yaro, me ya yi? Waƙa aka koya masa, waƙa kuma ya kawo."

Jera sunayen haruffa hadda ce, kuma tana da amfaninta. Karatu kuwa shi ne yaro ya dubi alama a takarda ya ji maganar da ya sani ta fito daga cikinta. Saboda haka kunne ake fara gyarawa kafin ido, kuma da harshen da yaron yake magana da shi ake farawa.

Batun harshe yana da nauyi a wannan ƙetaren kogin namu. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, sannan kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, mutane suka zo neman aiki daga ko'ina a ƙasar nan. Masaƙun sun durƙushe, KTL ma ta rufe tun 2002, amma jikokin ma'aikatan suna nan. Yaron da ya fita ƙofar gida a Nasarawa ko Barnawa, kafin ya dawo ya ji Hausa, ya ji Gbagyi, ya ji Yarabanci da Ibo da Turancin buroka. Ganin haka sai iyaye su ce ai gara a fara masa da Turanci kai tsaye, kada 'ya'yan maƙwabta su wuce shi. Na fahimci wannan tsoron, ni ma uwa ce. Amma ku duba: yaron da aka ba shi kalmar Turanci ya karanta, aiki biyu aka ɗora masa a lokaci ɗaya, ga neman sautin haruffa, ga neman ma'anar kalmar da bai taɓa ji ba. Wanda aka ba "nama" kuwa, da ya haɗa na da ma sai ka ga ya yi dariya, domin ya san nama, jiya ma ya yi kuka a kansa.

Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. A 1970 marigayi Farfesa Babs Fafunwa, wanda daga baya ya zama Ministan Ilmi, ya fara wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuma aka bar shi a matsayin darasi guda. Yaran nan ba su faɗi a baya ba, har a Turancin ma. Dalili kuwa, karatu sau ɗaya ake koyonsa. Wanda ya gane yadda ake haɗa haruffa a harshensa, in ya je wani harshen sai dai ya koyi sababbin sautuka da kalmomi. Ga shi kuma mu Allah Ya hutar da mu, rubutun Hausa yadda ake faɗi haka ake rubutawa, ba kamar Turanci ba da harafi ɗaya yake da fuska uku ko huɗu. In kuma a gidanku Nufanci ko Yarabanci ko Fulatanci ake yi, to ku ci gaba da yi wa yaro hira da labari da shi, kada ku fasa. Haruffa sai a fara masa da harshen da ya fi sakin baki da shi.

Yaro ɗan shekara uku ba ya bukatar alli ko littafin rubutu. Abin da yake bukata a yi magana da shi, a kuma bar shi ya yi magana. Ki yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, amma kada ki zuba ta gaba ɗaya kamar rediyo. Ki tsaya a tsakiya ki ce, "To, me kake jin Gizo zai yi?" Gobe ki ce shi ya ba ki ita. Zai rikita ta, ya sa kura inda babu kura, ki bar shi. Yaron da ya iya kawo labari daga farko zuwa ƙarshe, shi ne gobe zai fahimci abin da ya karanta.

Daga nan sai wasan tafi. Sunayen unguwanninmu kamar don wannan aka yi su. Ku faɗi suna kuna tafa hannu a kowace gaɓa: Ka-ku-ri tafi uku, Na-ra-yi uku, Ro-mi biyu, Sa-bo biyu, Na-sa-ra-wa huɗu, Ka-du-na uku. Sai sunansa, da na Babansa, da na kowa a gidan, har na akuya in tana da suna. In ya ƙware, ki juya wasan: ki faɗi gaɓoɓin a rarrabe, "mu … ci … ya", shi kuma ya gano abin ya ɗauko miki. Wannan fa shi ne ainihin aikin da zai yi ranar da ya fara karatu, sai dai yau da kunne yake yi, ran nan kuma da ido.

Akwai kuma wasan farkon kalma. Kina tsince shinkafa ko kina gyaran kayan miya, ki ce, "Nemo mini abin da ya fara da mmm." Murhu, madara, manja, muciya, Mama. Gobe sss: sabulu, soso, sukari, siket. Ba kuɗi, ba zama na musamman. In yaro ya ce "tukunya" kina neman mmm, ki ja sautin ki ce, "T-t-tukunya, mmm ka ji ko t?" Kada ki ce masa bai da kai.

Wajen shekara huɗu, in kin ga ya fara nuna rubutu a jikin gwangwanin madara yana tambaya mene ne wannan, to lokacin haruffa ya yi. A nan ne yawancinmu muke kuskure biyu. Na farko mu ba yaro dukkan haruffa a tashi ɗaya. Na biyu mu koya masa sunan harafi na Turanci maimakon sautinsa. A Turanci harafin a sunansa "e", harafin e sunansa "i", harafin i kuma sunansa "ai". To yaya yaron da ya haddace wannan zai karanta "biki"? Ki koya masa abin da harafin yake faɗi: a ta ce a, kamar a farkon "ayaba", m ta ce mmm, baki a rufe.

Ki fara da harafin farko na sunansa, domin shi ne zai fi so, zai ce "nawa ne". Sannan wasali ɗaya, a, da baƙaƙe huɗu: b, m, n, k. Harafi ɗaya ko biyu a mako ya isa. Ki zuba rairayi mai laushi a faranti ya zana da yatsa, in ya ɓata ya girgiza ya sake. Ki yanka kwalin sukari gida-gida ki rubuta harafi ɗaya a kowane da babban rubutu. In kun shiga keke za ku kasuwa, ku yi farautar K a jikin alluna da motoci: ga ta a Kakuri, ga ta a Kaduna, ga ta a Kano, ga ta a Kachia. Kada ki ce ya karanta allunan duka, yawancinsu Turanci ne, Kachia ma a ƙa'idar Hausa Kaciya za a rubuta. Harafin kawai ake nema.

Iyayenmu na makarantar allo sun riga mu sanin wannan tsari. Babbaƙu suke fara koya wa yaro, watau haruffa tsurarsu, sannan farfaru, watau a sa musu wasali, sannan a shiga haɗawa. Kuma dubi sunayen da suka raɗa wa haruffan don su zauna a kan yaro: mim jaye, nun guda, ha kuri, ɗa mai hannu, ha mai ruwa, an likkafa. Kowane suna hoto ne. Ɗigo sun kira shi ruwa, sandar da ke kan harafi sun kira ta hannu. Ke ma ki yi haka da boko. Ki ce o bakin rijiya ce, s macijiya ce, m raƙumi mai tozo biyu. Duk abin da ya sa yaro dariya ba ya mantawa da shi.

Yanzu ga wurin da aikin yake, watau haɗawa. A nan ake daɗewa, a nan kuma haƙurin uwa yake ƙarewa. Ki ajiye kwalin m a hagu, na a a dama, da ɗan rata a tsakani. Ki ja sautin mmm kina tura kwalin a hankali, kada ki yanke numfashi har ya taɓa a: mmmma. Da m da n ake farawa domin ana iya jan su, b da k ba su jawuwa. Ki yi sau uku, ya yi sau uku, ku tashi. Zai yiwu ku yi mako biyu ko wata guda yana cewa "m, a" a rarrabe bai ji "ma" ba. Wannan ba dakikanci ba ne, kowane yaro ta nan yake bi. Wata rana kawai za ki ji ya faɗe ta, kuma daga ranar sauran za su zo da gudu:

ba ma na ka

Da waɗannan gaɓoɓi huɗu kaɗai ga kalmomin da zai karanta: baba, mama, kaka, nama, bana, kama, mana, maka, Nana. Ki ƙara t ki ba shi jimlarsa ta farko: Kaka ta ba Nana nama. In ya karanta, kada ki tsaya a "yawwa". Ki tambaye shi, wa aka ba nama? Wa ya ba ta? In ya amsa, to karatu ya yi. In ya fitar da sautin daidai amma bai san wa ya ci naman ba, ku sake bi a hankali. Bayan a sai i da u, sannan e da o. Gaɓa mai rufaffen baki irin "Bar" ta Barnawa ko "den" ta Kudenda a bar ta sai can gaba, haka ma sh da ts da ky da gw. Wanda ya samu littafin nan Ka Koyi Karatu na kamfanin NNPC Zariya, wanda da yawanmu da shi muka fara a firamare, ya samu abokin aiki. Wanda bai samu ba, kwali da alli sun isa.

Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kada a raina su. Alluna a titi da saƙonnin waya sun saba yar da lanƙwasar, har yara suna zaton ado ce. Ki nuna masa da misali: baki daban, baƙi daban, kafa daban, ƙafa daban, bari daban, ɓari daban. Akwai kuma inda boko ya gaza, domin ba ya nuna jan wasali ko karin murya. "Gari" na iya zama inda mutane suke zaune, ya iya zama na tuwo. "Kuka" na iya zama na yaro, ta iya zama ta miya. A nan sai ki ce masa ya karanta jimlar duka, ita za ta gaya masa wanne ake nufi.

To, ina batun haruffan Larabci? Ai yaranmu rubutu biyu suke koyo, ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu, kuma iyaye suna yawan tambayata ko ba za su rikice ba. Za su ɗan rikice kam. Za ki ga ya fara rubuta boko daga dama, ko ya juya b ta koma d. A shekara huɗu ko biyar wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Abin da na ga yana taimakawa shi ne a raba musu lokaci da kayan aiki: haruffan Larabci da safe a kan allo ko ƙa'idarsa ta Islamiyya, boko da yamma da kwali. Ki sa ɗigon ja a gefen da ake farawa. Kuma in ya shiga haɗawa a ɗaya, a sassauta masa ɗayan har ya tsallake. Shi ya sa ma na ce a fara da a, i, u: su ne wasali bisa, wasali ƙasa da rufu'a. Yaron da ya gane ba, bi, bu a gefe ɗaya, ya gane a ɗaya gefen.

A nan ne ajami yake da amfanin da muka manta. Yaro yana haɗa haruffan Larabci a ƙa'ida, amma bai san ma'anar abin da ya haɗa ba, don haka ba ya gane ko ya yi daidai. Ki rubuta masa "baba" da ajami, ko sunansa, ko "nama", ki ga yadda idonsa zai buɗe. Kakar da ba ta san boko ba, a nan ita ce malama, kuma ta fi mu iyawa. Sai dai a lura da abu biyu. A rubutunmu na allo, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A bugun da ake karatu da shi a Islamiyya kuwa, fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Yaron da yake zuwa makarantun biyu, in ya kira fa ƙaf, ba wasa yake ba, a bayyana masa. Sannan harafin nan mai ɗigo uku da ake karantawa "ca" a ajamin Hausa, a karatun Alƙur'ani ba haka ake furta shi ba, don haka kullum a gaya masa, "Wannan Hausa ce muke karantawa." Kuma kalmomin Hausa za a riƙa yin wasan kwali da su, ban da ayoyi, tun da kwalin yara a ƙasa yake ƙarewa.

Ko a aljihun Baba akwai littafi. Takardar naira 200 da 500 da 1000 suna ɗauke da ajami, kuma Hausa ce: naira ɗari biyu, naira ɗari biyar, naira dubu. Ƙananan kuwa, daga naira 5 zuwa 50, tun 2007 aka cire musu ajamin aka sa Hausa da boko tare da Ibo da Yarabanci. Kalma ɗaya ke nan, "naira", a rubutu biyu. A nuna masa, a karɓe, kada ta kai baki.

Minti goma a rana ya isa, kuma ya fi awa biyu ranar Asabar. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi bai fara jin barci ba, misali bayan la'asar, ku tashi tun yana so a ci gaba. Bulala kuwa ba ta da wuri a wannan darasin. Na ga yara a ajina waɗanda da an ɗauko littafi sai jikinsu ya ɗauki rawa, kuma in na bincika sai in tarar a gida aka fara. Irin wannan yaron ya fi wanda bai san ko harafi ɗaya ba wahalar koyarwa. Ku Yayye musamman da ku nake: ba a ba ku ƙanne don ku rama abin da aka yi muku ba.

Kada kuma a gwada shi da ɗan maƙwabta. Wani yana haɗawa a shekara huɗu, wani sai shida, kuma in sun kai aji uku ba ka bambance su. A ƙasar Finland sai yaro ya shekara 7 yake shiga aji ɗaya, kuma ba a san su da rashin iya karatu ba. Abin da za a sa wa ido shi ne lafiyarsa. In kunnensa yana yawan zubar da ruwa, ko sai an ɗaga murya yake juyowa, ko yana kai takarda dab da hancinsa, ko ya kai shekara uku bai haɗa kalma biyu ba, a kai shi asibiti a duba, kada a jira makaranta ta gano.

Waya ma na san za a tambaya. Yaro yana iya koyon waƙar haruffa a cikinta, amma wayar ba ta jin sa in ya yi kuskure, ba ta kuma tambayarsa wa ya ci nama. In za a ba shi, a zauna tare da shi. Kuma ya riƙa ganin ana karatu a gidan. In kina rubuta bashin masu sayen ƙanƙara, ki faɗa da ƙarfi yana kallo. In Baba ya aiko saƙo, ki karanta masa kina bin kalmomin da yatsa.

Aikin gida ga 'yan aji huɗu zuwa shida: kowa ya yanka kwali shida ya rubuta a, b, m, n, k, t. Ku yi wasan tafi da ƙaninku ko ƙanwarku kwana bakwai kafin ku nuna masa kwali ko ɗaya. Wanda ba shi da ƙane a gida ya ari na maƙwabta. Ku rubuta mini a bayan littafinku sunayen da kuka tafa, da wanda ya fi ba shi wuya, da boko da ajami, ku kawo ranar Asabar ta biyu.